Lambobi Arba'in da Takwas

Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da zaman daji? Allah ya ba da lada. Tunda har yanzu waya ba ta shiga wajenku, zan ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda.

Baba yana nan yadda ka bar shi. Hannun hagu ne kawai ke motsi, magana kuwa shiru, sai ido. Yana cin abinci, alhamdu lillahi.

Abin da ya sa na rubuto, kwamfutarka ce. Tun ranar Alhamis ta ƙi tashi. In an danna sai ta yi haske, wasu ɗige-ɗige su yi ta zagaye, sannan fuskar ta koma shuɗiya da rubutun Turanci, ta mutu. Matarka, Maman 'Yan Biyu, ta ce da safiyar ranar kwamfutar ta nemi a sabunta ta, ta danna mata, ta bar ta jone da wuta a ɗakin Baba, ta tafi aikinta asibiti.

Jiya na naɗe ta a mayafi na kai wa mai gyara, wanda shagonsa ke tsakanin tela da mai yankan makulli. Shagon bai fi taku uku ba, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Ya danna nan ya danna can, ya ɗago ya ce, "Mama, wannan ai katse mata hanzari aka yi tana tsakiyar aiki. Gyaran ba wuya, rabin awa. In wanke ta tas in zuba mata sabuwar manhaja."

Na ce, "Abin da ke ciki fa?"

Ya ce, "Ai wanki ba ya zaɓe."

Na faɗa masa karatun mahaifinmu ne a ciki, zama sittin da ɗaya da ka ɗauka da muryarsa kafin ciwon nan ya rufe masa baki, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Ya ce to, za a iya kwashewa kafin a wanke, amma rumbun ajiyar a kulle yake, sai da wasu lambobi guda arba'in da takwas. Ya ce duk wanda ya kulle, an ba shi su.

Suna wajenka? Ka taimaka ka ba direba amsa. Na ce wa mai gyaran kada ya taɓa komai sai na dawo.

Allah ya tsare mana kai.

Yayarka

*

Laraba

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sauro ne kawai ke neman cin gadona tun ina raye.

Ki kwantar da hankalinki, lambobin suna nan. Da akwai su a imel ɗin tsohon wurin aikina, to sun rufe shi tun da na bar su, amma ƙanenki ba daga baya ba. Na kwafe su da hannuna a wata 'yar takarda, fallen littafin makaranta ce, na cusa ƙarƙashin ledar teburin Baba, ta gefen taga. Za ki gane ta, layi takwas ne, kowane layi lamba shida. Ki kai wa mai gyaran, ki tsaya a kansa har ya kwashe. Kada ki bari ya yi miki daɗin baki, waɗannan mutanen wanki ya fi musu sauƙi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne Maman 'Yan Biyu. Sau nawa zan faɗa mata batirin kwamfutar nan ya mutu, in aka zare waya ɗif take yi? Na tabbata jona ta ta yi sama-sama tana sauri, wayar ta zame. Na rubuta mata tata takardar daban, kuma ban tauna ba. Abin da Baba ya shekara biyu yana yi, mutum ya yi wasa da shi saboda kada ya makara aiki!

Ki gaida Baba, ki ce Auta na nan tafe ƙarshen wata mai zuwa. Ke kuma ki rage tunani, na san ki, yanzu haka kin daina cin abinci.

Naki,
Auta

*

Ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma roƙonka ka karanta wannan a zaune, har ƙarshe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A takardar farko ban yi maka ƙarya ba, amma na bar gaskiya a rufe, kuma Allah ya san ba su da nisa da juna.

Ni na zare wayar.

Ranar Alhamis ɗin na shiga kai wa Baba abin kari, na tarar da kwamfutar a ƙasa, bakin ƙofa, kusa da inda ake tuɓe takalma, don nan ne kawai wurin jona wuta yake. Zuciyata ta ƙi. Ayoyin Allah ne a ciki da bakin Baba, ga ta a inda ake tsallakawa. Na ga rubutu yana motsi a fuskarta, amma ka san Turancina bai wuce na kwalin magani ba. Na ɗauke ta in ɗora bisa kabad, wayar ba ta kai ba, na cire. Ta mutu a hannuna. Na ɗauka barci ta yi.

Maman 'Yan Biyu a bisa kabad ta same ta. Ta san duk gidan nan ba mai ɗora abu a can sai ni. Ba ta ce uffan ba, har takardarka ta zo. Na gan ta tana karantawa a tsaye a kicin da kayan aikinta a jiki, ta ninke, ta ci gaba da wanke kofuna. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa masa ba?" Ta ce, "Haba Yaya, ni ya saba yi wa faɗa, kwana biyu ya wuce. Ke kuwa in ya yi miki, sai kin shekara kina tunawa." Ka nemi gafararta, Auta. Ni na riga na nema.

Saura na biyun, kuma ya fi na farko.

Na ɗaga ledar teburin, babu takarda. Na duba aljihun tebur, bayan gado, cikin littattafai ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin dubawa ne na tuna. Wata uku da suka wuce na canza ledar, wata 'yar takarda ta faɗo ƙasa. Lambobi ne zalla, na ɗauka lissafin aikinku ne da ka gama da shi. Amma a samanta ka rubuta bisimilla, kamar yadda kake yi a kowace takarda. Ka san gwangwanin nan nawa da nake tara duk abin da ke da sunan Allah don kada a taka. Na sa ta ciki. Da ya cika na ƙone, na binne tokar a gindin bishiyar bayan gida.

Baba ne ya koya maka kada ka fara rubutu sai da sunan Allah, shi ne kuma ya koya mini kada in bar sunan a ƙasa. Ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Da na tambaye ka, da ba haka ba. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na koma wajen mai gyara na ce ko akwai dabara. Ya cire tabarau ya ce, "Mama, da akwai, da ɓarayi sun riga ni sani."

Duk abin da za ka faɗa, na cancanta.

Yayarka

*

Litinin

Yaya,

Na karanta.

Zama na ƙarshe da na ɗauka, Baba ya yi dariya a tsakiya, don na yi gyangyaɗi ya kama ni. Ita nake ta ji a kunnena tun shekaranjiya.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Shi kansa Baba sau biyu yana cewa in raba karatun gida biyu, kada ya zauna wuri ɗaya. Na sayi filas ɗin da zan kwafe karatun a ciki ma, yana cikin jakata a nan, ko ledarsa ban ɓare ba. Amma duk da haka, Yaya. Tambaya ɗaya fa.

Kada ki faɗa wa Baba.

Auta

*

Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka samu sauƙin zuciya. Direba ya zo sau biyu bai kawo komai daga gare ka ba, ban kuma ga laifinka ba.

Ka yi haƙuri, na saɓa maka. Na faɗa wa Baba. Kayansa ne, kuma kullum na shiga sai ya kai ido inda kuke ajiye kwamfutar, ya dawo da shi kaina. Na kasa.

Na durƙusa a gaban gadon na faɗi komai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuska bango. Kwana biyu ko ruwa ba ya karɓa a hannuna, sai a hannun Maman 'Yan Biyu.

A na ukun, bayan la'asar, lokacin da ya saba zama karatu, na zauna a ƙasa ban san abin yi ba. Sai na ji bakina yana maimaita zama na farko, yadda na ji shi daga bakin ƙofa ina tsintar shinkafa. Na yi nisa kaɗan, sai ji na yi bam, ya buga katakon gado da hannun hagu. Na tsorata. Na koma baya na sake, ya sake bugawa. Ashe misalin da ya kawo na rijiya ne, ni kuma na ce kogi. Da na gyara, sai ya sauke hannun a hankali.

Yanzu kullum haka muke. In rubuta abin da na tuna da safe, in karanta masa da yamma, inda na kauce ya buga. Ba ya wuce kwata ɗin awa yake gajiya. Cikin kwana biyar mun yi shafi tara, ko zama na farko ba mu gama ba.

Ba zan rufe ka ba, Auta. Wannan ba muryarsa ba ce, rubutuna ne mai karkata. Zaman da na ji kuma ba su kai ashirin ba, sauran ina gidana. Likita ya zo ranar Juma'a, ya auna shi, ya kira ni waje ya ce mu riƙa lallaɓa shi. Ban tambayi ma'anarsa ba.

Mai gyara ya aiko, wai wurin ya yi masa kaɗan, a wanke ko in zo in ɗauka. Kayanka ne, sai abin da ka ce.

Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Yayarka

*

Talata

Yaya,

Ki ɗauko ta, kada a wanke.

Na rubuta wa Maman 'Yan Biyu abin da ya kamata.

Ban ce na huce ba. Amma ga shafi shida nan cikin ambulan, abin da na iya tunawa daga zama na ashirin da biyu, wanda ba kya nan. Ki karanta masa a hankali. Duk inda ya buga ki ja layi, ki ba direba ya dawo mini da shi.

Ki sa masa matashi a gefen katakon. Rubutun nan nawa zai sha bugu.

Ƙanenki,
Auta