Tsatsa Ta Ci Shasin Motar Baba

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Inna na gaishe ka, ƙafarta da sauƙi. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuto.

Ranar Asabar na ɗauko Inna daga Maiyama a tsohuwar motar marigayi Baba. Daf da Jega na ji ƙara daga ƙasa, motar ta karkata hagu, sitiyari na fizgar hannuna. Inna salati kawai take yi. Da ƙyar na lallaɓa muka shiga gari.

Malam Sani mai walda ya shiga ƙarƙashinta ya ƙwanƙwasa shasin da guduma, sai ga ƙarfe na zuba kamar ɓawon albasa. Ya fito ya ce, "Wanga wuri tsatsa ta gama da shi, kuma nan sifirin da ke riƙe taya ke kamawa. Allah ne ya kawo ku."

Zai yanke ruɓaɓɓen ya ɗora sabon ƙarfe ciki da waje, amma bai yi alkawarin sauran shasin zai jure wutar walda ba. Kawu Ummaru kuwa har ya kira masu sayen gwangwan daga Aliero don a sayar musu da motar a matsayin tsohon ƙarfe, Juma'a mai zuwa za su zo. Inna ta ce, "Ba mai sassara motar babanku ina raye."

Yaya, kai ne babba, ka nemi Kawu kafin ranar. Abin da ka yanke zan bi. Amma ko an gyara, ba zan ƙara saka Inna a ciki ba, kuma na kasa gaya mata.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanenka,
Nasiru