Na kai Inna gidan abincin shahararriyar shef, ta koma da yunwa

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, ya aiki, ya haƙuri da mu? Don Allah ki sakaya sunana, kuma ina roƙon masu karatu su bi ni a hankali, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina. Shawara nake nema.

Ni 'yar Jajaye ce ta ƙasar Rogo, aure ya kawo ni cikin Kano. Mahaifiyarmu, Inna, tana da ciwon suga, kuma autarmu, bari in kira ta Ummi, ita ke kula da maganinta a gida, ita ke ƙulla mata na safe da na dare. Watan jiya Inna ta zo Kano gwajin jini. An ce kada ta ci komai kafin a ɗiba, don haka tun tuwon dare ba ta sa komai a bakinta ba. Yayanmu ya sa ta a mota da sassafe, ni na tarye ta a tasha. Da aka gama gwajin ta kwance ƙullin Ummi ta sha maganinta, ta ce mini, "Mu je gida ki dama mini ko koko ne, cikina sai ƙugi yake."

Ni kuwa na riga na shirya abina. Akwai wata shef da ake yayi, wadda kowa ke kallon girkinta a waya, ta buɗe gidan abinci, kuma ta kan fito ta gaisa da masu ci a ɗauki hoto. Ƙawayena duk sun kai iyayensu sun ɗora a sitatus, ni kaɗai na rage. Na ce wa kaina gata zan yi wa Inna, matar da ta ƙare rayuwarta a gindin murhu, yau ita ma a kawo mata tana zaune. Amma tsakanina da Allah, hoton nake so. Shi ya sa na kira maigidana na ce ya baro ofis ya same mu a can, ban kuma gaya wa Inna ba. Na san in na faɗa ba za ta je ba. Tunda aka ɗaura mana aure Inna ba ta taɓa ko kurɓar ruwa a gaban surukinta ba, haka ake a wajenmu, a ciki na tashi, me zan ce ban sani ba?

Wurin ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Sanyi, ƙamshi, ma'aikata sai sannu da zuwa suke. Inna ta zauna a bakin kujera tana kalle-kalle, har ta fara murmushi, ta ce, "Ikon Allah, yanzu duk nan ɗakin girkin mace ɗaya ne?" Aka kawo tuwon shinkafa 'yan malmala ƙanana da miyar taushe da naman rago, ta wanke hannu, ta yi bisimilla. Daidai nan maigidana ya yi sallama. Ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, ya ja kujerar da ke fuskantarta ya zauna. Inna ta janye hannunta ta mayar cikin hijabi. Shi ke nan.

Shi ya fi ni hankali. Ya matso ya ce mini a hankali, "Bari in koma mota in jira, Inna ta samu ta ci." Na ce, "Don Allah ka zauna, yanzu shef za ta fito, in babu kai hoton bai cika ba." Ya zauna yana juya cokali, shi ma ya kasa ci. Na juya wajen Inna na ce, "Inna ki ci mana, nan fa birni ne, ba wanda ya damu da wannan." Ta ce, "Na ƙoshi, ku ci." Na ƙoshi! Matar da ta ce mini cikinta na ƙugi. Raina ya ɓaci, na ji kamar kowa a wurin mu yake kallo, na ce mata ƙasa-ƙasa, "Kin zo ki kunyata ni ke nan." Shef ta fito, mace mai fara'a, ta durƙusa ta gaida Inna, aka ɗauki hoton da nake ta haƙilo a kai. Maigidana ya biya ya koma aiki, yana fita yana ce mini in tabbata ta ci.

Anti, a nan ne na yi abin da ke hana ni sukuni. Bayan tafiyarsa sai na miƙe da fushi na ce mu tafi, ban ba ta damar ci ba. Inna ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Ki ce su ƙulla mini a leda, na ci a mota." Na ce, "Nan ba gidan biki ba ne, ba a ƙulla abinci." Ƙarya nake, ga mutane nan suna fita da nasu a hannu. Muka bar shi a kan tebur. A tasha motar Rogo saura mutum ɗaya, na biya na tura ta ciki, ko gurasa ban saya mata ba. Sai da na dawo gida na ga 'yar jakarta da kuɗin guzurinta, da ta ba ni in riƙe mata tun a wajen gwaji, a cikin tawa jakar.

Bayan la'asar Yaya ya kira. Kafin su shiga Karaye Inna ta fara gumi da karkarwa, ta sulale a jikin wata mata. Allah ya sa direban ya san gidanmu, ya kai ta asibiti a Karaye ya kira Yaya. Suganta ne ya yi ƙasa sosai. Da ta farfaɗo likita ya tambaye ta ko ta ci abinci bayan ta sha magani, a gaban Yaya da Baba da Ummi. Inna ta ce, "Na ci har na bari. 'Yata ta kai ni wani wuri, abinci irin na sarakai." Likita ya ce to in haka ne, a bincika ko maganin ne aka ba ta fiye da ƙima.

Kowa ya juya kan Ummi. Yarinyar nan ta rantse ta kuma rantsewa cewa yadda ta saba ƙullawa ta ƙulla, ba wanda ya saurare ta. Yaya ya karɓe maganin ya ba matarsa. Da ma shi ya yi alkawarin kai ta makarantar koyon aikin jinya bana, yanzu ya ce wadda ta kusa kashe uwarta da ƙwaya ba zai tura ta ta kashe 'ya'yan mutane ba. Ummi ta kira ni tana kuka ta ce, "Yaya, ke kina wajen, kin ga ƙullin, na yi kuskure?" Na ce ban lura ba. Maigidana ya tambaye ni ko Inna ta ci bayan tafiyarsa, na ce ta ci.

Na kira Inna ina kuka na ce ta yafe mini, zan faɗi gaskiya. Ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira, amma kul na ji wannan magana a bakinki. Kina so ubanku ya ji kin bar ni da yunwa? Kina so mijinki ya raina ki? Ummi yarinya ce, za ta manta." Ba za ta manta ba, Anti, an kusa rufe karɓar ɗalibai.

Jiya kuma Yaya ya kira da murnarsa, wai tunda Inna ta yaba wurin nan, in sun zo da iyalinsa bayan salla can zan kai su, yana tambayata ko abincin ya kai yadda ake faɗa. Na ce ya kai. Me zan ce? Abincin ba shi da laifi, ni ce na kai baƙuwata inda ni nake so, ba inda za ta iya ci ba.

In na yi magana, na ƙaryata mahaifiyata a gaban mijinta da 'ya'yanta, na karya umarninta, maigidana kuma ya san na dube shi na yi masa ƙarya. In na yi shiru, ƙanwata ta rasa karatunta a kan laifin da ni na aikata. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?