Kyamarar da Sharon ta gano a banɗaki

Tottenham, London

Zuwa ga Yaya Juliana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Mama sauƙin ƙafar nan. Hosea yana nan yana tuƙin bas ɗinsa, ni ma ina zuwa aiki, amma gidanmu ba daɗi.

Yaya, kin san Nathaniel, ɗan kawun Hosea, wanda muka ba ɗaki a flat ɗinmu da ya zo karatu. Watan jiya 'yarmu Sharon tana wanke banɗaki, ta lura maratayin tawul yana da wani ɗan rami kamar ido. Ashe kyamara ce. 'Yan sanda suka duba wayar Nathaniel, suka tarar da bidiyonta tana wanka, tun na bara. Yarinyar da ke ce masa uncle! Yanzu sai ta kashe fitila kafin ta tuɓe riga, ta kuma daina zuwa makaranta. In na yi mata magana, da Turanci take ce mini ba komai, ta juya ta kalli bango.

'Yar sandan da ke riƙe da maganar ta ce a nan ana iya ɗaure mutum har shekara biyu, a sa sunansa cikin masu laifin lalata. Wata 'yar Koriya da muke aiki tare ta ce a ƙasarsu ɗaurin ya fi haka. To, ana ba da belinsa ya hau jirgi ya gudu gida. Na kira wani lauya a Jos, ya ce ko da akwai dokar da za ta kama shi, a London aka yi laifin, shaida ma tana London, dawo da shi kuma sai a yi shekaru ana ja. Dangin Hosea kuwa cewa suke a rufa asiri, wai ai bai taɓa jikinta ba.

Na ji ya fara zuwa cocinku, har an ba shi koyar da matasa waƙa. Don Allah kada ya taka gidanki. Ki sami Pasto ki gaya masa da bakinki, ki kama sunana. Sharon da kanta ta ce in rubuto miki. Ta ce gara a yi ta gulmarta a Jos da ya kusanci ƙannenta da ke gidanki.

Ki gaida Mama da Baba Dalyop da 'yan matanki. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Janet