Ba Kaɗaici Ba Ne, Inna

Inna,

Amincin Allah da rahamarSa su tabbata a gare ki a makwancinki. Shekaruna saba'in da ɗaya, ni kaɗai nake zaune a ɗakin haya a unguwar Dengfeng, nan ƙasar waje, kuma ba na neman tausayin kowa, har da masu leƙen wannan wasiƙa.

Ran Juma'a, muna fitowa daga Masallacin Huaisheng, dattawan Kanawa suka tare ni. Wai bai dace mace ta mutu babu igiyar aure a kanta ba, ga Alhaji Sule mai lodin kwantena ya yarda ya rufa mini asiri. Ya yarda fa, Inna. Ɗana Bashir ma ya bugo daga Kano: ko aure, ko in tattara in koma gidansa. Dukansu kalma ɗaya ce a bakinsu, kaɗaici.

Ke kika rarrabe mini kalmomin nan ina yarinya, a tsakar gidan da kike karantar da matan aure. Kaɗaici faɗo wa mutum yake kamar zazzaɓi. Halwa kuwa da ƙafarsa yake shiga, da alwala da niyya. Ranar da wata ta ga tsohon zane a jikin wata almajirarki ta ce zuhudu ne, wato gudun duniya, murmushi kika yi: "Wadda ba ta taɓa samu ba, me ta bari?"

Ni na samu. Takalman da na loda daga kasuwar Zhanxi sun cika rumfuna a Ƙofar Wambai, 'yan kasuwar nan "lawban" suke ce mini, wato shugaba.

Wani cikin dattawan ya ja mini kunne cewa addininmu bai san rahabaniyanci ba. Na karanta babin tun kafin a yaye shi. Rahibi haramta wa kansa aure ya yi. Ni na yi, na haifa, na yi takabar mutumin kirki, na gama.

Abin da ke kama ni in na dafa kunun tsamiya bai yi kamar naki ba, sunansa kewa, Innata, kuma ba Alhaji Sule ne maganinta ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Firdausi. Jiya na mayar wa Alhajin turarensa da dabinonsa da ya aiko, tare da godiya. Shagona na damƙa wa abokiyar cinikina 'yar Kumasi. Ɗakin kuma na sabunta hayarsa, na ce makulli ɗaya ya ishe ni.

'Yarki,
Asma'u