Ninkin Da Dede

Lome, watan Mayu

Zuwa ga yayana Fo Foli,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Abijan, yaya aiki, yaya matarka da yara? Ina fata ƙafar nan taka ta daina kumburi. Mu nan muna godiya ga Allah.

Na ba direba wannan takarda ne domin idan ka kira waya, babbar yayarmu Da Dede na jin komai. Hannunta na dama ne ya shanye, kunnenta lafiya lau. Ta ji lokacin da ka ce idan ka zo hutun Agusta ba ta samu sauƙi ba, za ka mai da ita ƙauye a saki rumfarta ta kasuwar Asigame. Ranar ko tuwon akume ba ta taɓa ba. Fo, matar da ta goye mu duka da cinikin atamfa, idan ka zaunar da ita ƙauye tana kallon kaji, ka binne ta ne da ranta. Ka ba ni zuwa Agustan.

Asibiti ya yi mana nisa, kuma ba a ɗora mai shanyewar ɓarin jiki a kan zemijan, babur ɗin haya. Likitan motsa jikinta, Misye Agbeko, shi kaɗai ne a kan mutane rututu. Shi ya haɗa mu da wata budurwa, Sename, wadda ta karanci kwamfuta. Tana ƙera wata manhaja ta waya: likita ya ɗauki kansa yana motsa jiki, mara lafiya ya kalla a gida ya kwaikwaya, wayar ta ɗauke shi ta aika wa likita, shi kuma ya gyara masa. Da na gan ta da jaka a baya na ce ga 'yan talla sun zo, na shirya taya kaya. Ashe ba abin da take sayarwa.

Yayarka dai ta kore ta. A bidiyon Misye Agbeko yana matsa wata ƙwallon roba. Da Dede ta ce, "Ni jaririya ce? Kuma ki ɗauki bakin nan nawa a karkace, gobe in gan shi a wayar matan layinmu? Ɗauki jakarki, 'yata, Allah ya ba ki miji." Yarinyar ta rusuna ta yi godiya, har da tambayar me ya fi ɓata mata rai, ƙwallon ko hoton. Ban taɓa ganin wanda aka kora yana neman ƙarin bayani ba.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Kayi


Lome, watan Yuli

Fo Foli,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, na ga saƙonka, na kuma ga ka ja layi a ƙarƙashin kalmar Agusta. Na gode, idona na gani.

Sename ba ta yi zuciya ba. Rumfa ta biyo ni, ta zauna a kan dila kwana da kwanaki, ba ta saye ba ta tafi, sai kallon hannuwanmu. Matan layi suka sa mata suna 'Yar Haraji. Ta sha tsokana tana dariya, har ta saba da mai kunun kanwa.

Sai ga ta a gida da sabon abu. Ta gyara manhajar, yanzu daga wuya zuwa ƙasa take ɗauka, fuska ba ta shiga ko ka leƙa da gangan. Ba ta ma kula Da Dede ba, ni ta miƙa wa wayar, da murya yadda na ɗaki zai ji. Wai sun bar ƙwallo, likita zai riƙa koya wa masu jinya ninke atamfa, in duba mata ko ya yi daidai.

Fo, ka san turmi yadda muke ninke shi: bakin zanen a waje, domin mai saye ya ga rubutun kamfani ya san ba jabu ba ce. Bawan Allah nan ya tura bakin ciki, ya dunƙule sauran. Da Dede ta miƙo wuya daga kan gado. Ta ce, "Wane ne wannan? Tabarma yake naɗewa? Wannan ne za a nuna wa jama'a?" Sename ta marairaice ta ce, "Tanti, iyakar iyawarsa ke nan, ba mu da mai nuna mana." Yayarka ta ce a ɗauko mata turmi.

Da hannun hagu ta fara, amma yadi shida ba ya ninkuwa da hannu ɗaya. Ta ɗauko na daman da kanta ta aza a gefen zanen ya danne. Gumi ya jiƙa mata riga. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo.

Tun ranar, kullum da safe sai ta ɗauki bidiyon gyara a aika wa likitan, wai ɗalibinta. Shi kuma ya dawo da sabon kuskure. Ni fa a kasuwa na girma, na san mai yin wauta da gangan. Na lura kuskurensa tafiya yake yi: makon farko sai ta danne da tafin hannu kafin ta gyara shi, na gaba sai ta miƙe gwiwar hannu, yanzu sai ta ɗaga kafaɗa ta kakkaɓe zanen. Na tare Sename a bakin ƙofa na ce, "Ke 'Yar Haraji, ni za ki sayar wa jabu?" Ta yi murmushi ta ce mahaifiyar Misye Agbeko 'yar atamfa ce, a ƙarƙashin teburin rumfa ya yi rarrafe. Tare suke zama su kalli hannun Da Dede a bidiyo, shi ya faɗi gaɓar da ke bukatar aiki, ita ta nemo kuskuren da zai tilasta wa gaɓar motsi. Ta ce, "Tanti Kayi, a wurinku na koya. Ban taɓa ganin kin fara nuna wa mai saye zanen da kike so ya ɗauka ba."

Shekara talatin ina juya mutane a Asigame, sa'ar 'yar cikina ta juya ni a gidanmu, kuma daɗi na ji. Kada ka kuskura ka faɗa wa Da Dede.

Taka,
Kayi


Lome, farkon Agusta

Yayana Fo Foli,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida, da fatan shirin tafiya na tafiya daidai.

Ba zan yi maka ƙaryar kasuwa ba. Yatsu biyu na ƙarshe ba sa rufuwa, likita ya ce mai yiwuwa haka za su zauna. Tana jan ƙafa, almakashi kuma ni ke riƙewa. Amma ranar Asabar ta sa aka kira tasi, ta ɗaura ɗankwali, muka je rumfa.

Matan layi suka juyo suna kallo. Maƙwabciyarmu Da Akuele, wadda ta daɗe tana auna rumfarmu da ido, ta taso tana tafa hannu: "Dede, ashe kina nan? Mun ji an ce ƙauye za ki." Yayarka ta ce, "Na ji kewar tsadar kayanki ne, na zo in ga ko har yanzu ƙuda kaɗai ke tsayawa." Wata mai shirin biki ta zaɓi turmi, aka warware mata. Na kai hannu zan ninke, Da Dede ta buge ni. Ta daɗe tana yi, ba wanda ya ce ta yi sauri. Da ta gama, baki a waje, kusurwa ta hau kusurwa. Sename na tsaye can bayan masu dako, wayarta a aljihu, ba ta ɗauki komai ba.

Da muka dawo na faɗa mata ranar zuwanka, na ce ka yi maganar mota zuwa ƙauye. Ga amsarta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa: "Ki ce wa Foli ya zo ya ci abinci ya koma. Ina da ɗalibi, ƙato da gemu, wata biyu ina fama har yau bai iya kama kusurwa ba. Ko matarsa tausayinta nake ji. In tafi ƙauye in bar wannan daƙiƙin a hannun wa?"

To ka ji. Ka taho mana da aceke mai kyau, abincin rogon nan na Abijan, motar kuma ka bar wa mai ita.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Kayi