Ba Zan Rufe Gonar Ya Fanna Ba

Diffa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Alhaji Abdulƙadir, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Hajiya Biba da yara duka. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya ja kwana. Mu nan alhamdu lillahi. Amarya tana nan, har yau Amarya ake ce mata ko da yake furfurarta ta kusa kamo tawa. Kasuwa yadda ka san ta, rezo, wato sabis na salula, kuma sai ranar da ya ga dama. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makarantar lekol, tunda kai ka je ka ɗauko ni ranar da malam ya ce na fi dacewa da awon gishiri.

Saƙonka ya iso ta bakin direba Sharif, cewa a rufe shafin wasannin nan na intanet, in ba haka ba a mayar maka da kwamfutar da ka ba ƴata Rukaiya. Yaya, ban taɓa ƙetare maganarka ba, ko ranar da ka zaɓa mini hular da aka yi ta yi wa dariya a bikina. Amma wannan karon ba zan rufe ba, kuma ka saurare ni, don rabin labarin aka kawo maka.

Shafin na gida ne. Wasanni ne da kowa zai buɗe a salularsa ya yi kyauta, ba sai ya sauke komai ba. Rukaiya ce ke gaya wa ƙirƙirarriyar basirar nan abin da take so, ita kuma ta rubuto mata shi da yaren da na'ura ke ji. Ni Malam Ba-Musu nake kiran abin, don duk shirmen da ka faɗa sai ya ce ka kawo shawara mai kyau. Shi kaɗai ya taɓa gaya mini haka a gidan nan. Amarya ce mai sauti, kukan akuya da tarin injin ban-ruwa duk da bakinta ta yi su. Ni kuwa aikina gwaji. In na ci wasa, sai Rukaiya ta ce ya yi sauƙi da yawa, a gyara.

Wanda ya jawo maganar shi ne na noman tattasai: ka shuka, ka ba da ruwa, ka kori awaki, ka tsinke kafin kogin Komadugu ya cika ya shanye. Ka san mutanen ƙauyukan bakin kogi da tashin hankali ya koro, masu zama a inuwar shagona. Su suka ce in dai gona za a yi, a yi tasu. Kowa ya kwatanta, Rukaiya ta jera gonakin da sunayen masu su. Sai aka zo kan wata tsamiya da ke tsakanin gonar Ya Fanna, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, da ta maƙwabcinta Mahaman. Rukaiya ta tambaye ni ina za ta sa ta. Ni da ban taɓa shuka ko albasa ba, na ce itace ai itace ne, ta sa inda hoton zai fi kyau. Ta sa a gonar Mahaman.

Washegari da hantsi ga Ya Fanna a shago, riƙe da salular jikarta. Ta wanke ni da Hausa, Hausar ta ƙare ta koma Kanuri. Na ce mata wasa ne fa. Ta ce shekara da shekaru ba ta taka gonar nan ba, jikokinta kuma ba su taɓa ganinta ba sai a salula, to in suka girma da tsamiya a gefen Mahaman, wa zai ƙaryata su ranar da aka koma gida? Mahaman ya iso, ya ce tunda na'ura ta ba shi, ai na'ura ba ta son kai. An ɗaga murya, gaskiya ne, amma ba a kai mu wurin jandarma ba kamar yadda aka gaya maka. Bulamansu, wato mai garinsu, aka kira. Ya zauna kan buhun shinkafata ya ce tsamiyar kan iyaka take tun zamanin iyaye, wadda ta faɗo gabas ta Ya Fanna ce, ta yamma ta Mahaman. Rukaiya ta gaya wa Malam Ba-Musu, ya yaba hukuncin, kafin azahar tsamiya ta koma iyaka tana zubar da ƴaƴa gabas da yamma.

Ka ce mu baƙi ne, namu saye da sayarwa, kada mu sa baki a maganar ƙasa. Yaya, a garin nan aka yanke wa ƴaƴana cibiya, baƙuncin ya isa haka. Na gane abin da kake tsoro, shi ya sa yanzu ko kara ba a matsarwa a wasan sai bulama ya gani. Amma rufewa kam, a'a. Kullum bayan la'asar Ya Fanna tana zuwa bakin shago ta zauna, ta yi ban-ruwa da yatsa ɗaya, tana zagin awaki. An kore ta daga gonar nan sau ɗaya, ba da bakina za a yi na biyu ba. Kwamfuta taka ce, ban musa ba, sai dai ba zan ba Sharif ba. Ka zo da kanka ka ɗauka, ka zo bayan la'asar, ka fara yi wa Ya Fanna bayani. Ni zan ba ka kujera da shayi, in koma cikin shago in ja ƙofa.

Ka gaida Hajiya Biba, da Hasna da maigidanta, da Kawu Tsoho. Amarya da Rukaiya suna gaishe ka. Allah ya bar zumunci, ya sanyaya maka zuciya kafin ka hau mota.

Ƙaninka, mai biyayya a komai ban da wannan,
Lurwanu