Shekara Bakwai Ina Tsallake Tarun Baba Saini

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarki Hajo ce. Shekara bakwai da rasuwarki ban ce uffan ba. Yau zan faɗa a bainar jama'a, don na san jikokin surukinki suna da waya, za su karanta masa.

Kin tuna a gidanmu can Zabori, Inna ba ta ɗauki al'adar mata abin tashin hankali ba. Ki ajiye salla da azumi, ki wanke tsummanki, ki koma bakin murhu, shi ke nan. Sai da kika auri Hamani, aka kai ki tungarsu ta masunta a tsakiyar kogi, kika tarar da dokar gidansu: mace mai jini ba ta taɓa tarun kamun kifi, ba ta shiga jirgin gidan, kwanonta ma daban. Kina ba ni labari kina dariya, wai hutu suka ba ki.

Ranar da cikinki na wata huɗu ya zube, na zo miki kwana biyu. Hamani yana can garin Malanville, sauran jirage sun tafi kasuwa. Jirgi ɗaya ya rage a bakin ruwa, na surukinki Baba Saini. Na durƙusa na kama ƙafarsa a kai ki asibiti. Maganarsa har yau tana kunnena: "Jini jini ne, ba a sa shi a jirgin da ake neman abinci." Ya ɗauke filafilinsa na tuƙi ya shige ɗaki.

Tun hantsi har la'asar muna hango garin Gaya inda asibitin yake, har motocin da ke bisa gada muna gani. Da wani jirgin ya iso, kin riga kin yi fari fat. Kin cika, kanki a kan cinyata, saura kaɗan mu kai gaɓa.

Na zauna a tungar don in riƙe miki 'yarki Balki, lokacin tana shekara shida. Ina yi musu bandar kifi, suna ta yabon haƙurina. Haƙuri! Yaya, duk wata, idan nawa ya zo, ba na faɗa wa kowa. Da tsakar rana, an shanya taru maza sun kwanta, sai in tsallake shi tun daga wannan baki har wancan. In shiga jirgin Baba Saini in zauna daram a mazauninsa.

Wallahi da mugunta na fara. So nake dokar ta zama gaskiya, taru ya fito wayam, jirgin ya kife da shi. Amma kifi sai ƙaruwa yake. Giwan ruwan da mutum uku suka ɗauka bara, da tarun da na tsallake aka kama shi. Baba Saini ya sa wa jirginsa inji, yana taƙama wai albarkar kiyaye dokar kakanni ce. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, Yayata: ashe a banza kika mutu.

Ranar Talata Balki ta fara nata. Ta girma, har wushiryarki ta ɗauko. Ina kallo aka ware mata kwano, aka ce kada ta kusanci bakin ruwa. Yau da hantsi na sa ta a jirgin nan na Baba Saini, na tuƙa mu da hannuna. Hamani ya gan mu, ya kau da kai kamar yadda ya saba. Yanzu muna tasha, muna jiran motar Dioundiou, mu nufi gida Zabori.

Jirgin yana ɗaure a ƙarƙashin gada. Idan Baba Saini ya yarda da dokarsa, ya cinna masa wuta, da injin, da tarun duka. Idan kuwa ya hau shi gobe, to tunga kaf ta san ba jini ne ya hana shi ɗaukarki ba. Ko wanne ya zaɓa, ni ban yafe ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sanyaya miki makwanci, ya raya mana Balki, ya tsayar da ni kusa da ke ranar da za a tambaye shi.

Taki har abada,
Hajo